Duwatsun Gwaji a Murhun Iya

Wanda bai zauna Diffa ba ba zai san darajar dutse ba. Ƙasar rairayi ce da laka. Ka tashi daga bakin kogin Kumadugu ka yi arewa har ƙafarka ta gaji, ba za ka tsinci abin da za ka jefi akuya da shi ba. Tsakuwar da muke kwaɓa kankare da ita ma daga nesa manyan motoci ke kawo ta, shef ɗin shantiye, wato shugaban wurin gini, yana gadinta kamar shinkafa. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da zan faɗa ya ce tsohuwar da zan ba da labarinta ba ta da hankali. Tana da shi sarai.

Ni mutumin ƙasar Damagaram ne. Lakkol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, iyakata in karanta lamba in rubuta abin da ke bakina. Na yi shekaru ina kwaɓa siminti har bayana ya ƙi. Matata ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, gida ya zama ba abin da ke kirana. Da ɗan kwangilar da nake wa aiki ya samu aikin madatsar ruwa a bayan garin Diffa, wadda ake ce wa dig, da ƙofar kankare inda za a riƙa toshe kogi in ya cika, sai ya taho da ni. Ba ƙarfina yake so ba, ya san ya ƙare. Cewa ya yi yana son wanda ba ya yawo.

A takardar kwangila an rubuta cewa duk ranar da aka zuba kankare, sai an ɗebi kwaɓin an cika wasu gwangwanayen ƙarfe, uku-uku, a gaban kwantarola, wato injiniyan da masu aikin suka ɗauko ya sa wa ɗan kwangila ido. Zai tsaya a zuba, a soka da rodi, ya sa ƙusa ya zana ranar da alamarsa a kai tun yana ɗanye. Washegari a kwance gwangwanin, sai ga dutse mulmulalle, tsawonsa bai kai kamu ba, kaurinsa kamar ƙaramin turmi, nauyinsa kuwa sai ka yi bismilla kafin ka ɗaga. Masu faransanci efurbet suke ce musu. A tsoma su a ruwa, a inuwa, kada su bushe, kada su sha rana, kada su bugu. Wasu bayan sati, wasu bayan sati huɗu, a kai su ɗakin gwaji a Damagaram, inji ya danne su har su fashe. Ƙarfin da suka yi kafin su fashe shi ne shaidar ƙarfin ginin. In sun faɗi gwaji, ginin ya faɗi, ko da kana ganinsa tsaye.

To, aikina ke nan. Tonno-tonno, wato durom-durom, na ruwa a ƙarƙashin rumfa, a can kusurwar shantiye, da ni. In ƙara ruwa, in kori awaki, in ranar tafiya ta zo in naɗe su da jiƙaƙƙen buhu in kai. Leburori suka sa mini suna mai jego.

"Mai jego, yaya jarirai? An yi musu wanka?"

"An yi. Naka ubangidan ne bai yi ba."

Iyakar hirarmu ke nan. Su yawancinsu Barebari ne, manoman tattasai da aka taso daga gonakinsu na bakin kogi, da wasu da suka tsallako daga Najeriya. In an tashi cin abinci sai su kewaye kwano ɗaya su koma yarensu. Ba korata suke ba. Ni ne dai ba na jin abin da ake dariyarsa, kuma mutum mai shekaruna ba ya zama yana washe baki ga dariyar da bai ji ba.

Tafiyar ma ba ta fi ba. A lokacin an hana babur, hanya kuma shingen sojoji ne, shinge bayan shinge. Ka zo da buhu mai nauyi, jiƙaƙƙe, da wani abu mulmulalle a ciki, a ƙasar da kowa ya san abin da ake ɓoyewa a buhu. Sojan zai ja da baya ya ce in kwance da hannuna, fasinjoji su watse gefe guda. In nuna takardar kwantarola, a juya ta, a ƙwanƙwasa dutsen, a ce in naɗe. Da mun koma mota ba mai son zama kusa da ni. Na saba zuwa Damagaram ban yi magana da kowa ba sai masu kaki.

Tsohuwar tana nan tun kafin mu zo. Da aka zo kewaye filin da waya aka tarar da bukkarta ta tampol da kara, a ƙarƙashin wata aduwa, daf da inda aka yi rumfar tonnona. Daga wani ƙauye na wajen Geskeru ta taho, ita kaɗai ta rage a nan, sauran nata wasu sun mutu wasu suna sansanin 'yan gudun hijira. Shef ya ce a bar ta, ba ta tare wa kowa hanya, kuma tana dafa wa masu gadi shayi. Iya nake ce mata. Ita kuma Afuno take ce mini, haka Barebari ke kiran Bahaushe. Hausarta ta kasuwa ce, gajera, amma tana isar ta faɗa.

Ranar farko da ta ga ina cin busasshen burodi da ruwa a bakin tonno, ta miƙo mini kwano ta bisa igiyar shanyarta.

"Afuno, ci. Kai ba mata, ba uwa, sai dutse."

Tun daga nan nake kawo gero ko ɗan busasshen kifi, ita ta dafa, mu ci kafin magariba. Ba wata doguwar magana muke ba. Ta yi mini faɗa a kan rigata, ta ce Hausawa ba su iya cin yaji ba, ni in ce Barebari ba su iya komai ba sai yaji. Wani lokaci ta yi ta zuba da Barbarci tana nuna gabas da muciya, in yi ta gyaɗa kai. A duk garin Diffa nan ne kaɗai wani ke lura in ban zo ba.

Murhunta curin laka ne uku da ta ɗebo daga bakin kogi. Ba sa daɗewa. Wuta ta ci su, su tsage, tukunya ta karkace. Na sha ganinta tana tokara gefe ɗaya da gwangwanin tumatir.

Wata rana ta leƙa cikin tonno ta daɗe tana kallo.

"Wannan, ana gini da shi?"

"A'a, Iya."

"Ana sayarwa?"

"A'a. Damagaram ake kaiwa a fasa."

Ta dube ni kamar na zage ta.

"Ka ba shi ruwa, ka ba shi inuwa, ka goya shi har Damagaram, a fasa?"

"Haka takarda ta ce."

Ta yi tsaki, ta faɗi wata magana da yarenta wadda na san ba yabo ba ne. Na yi dariya, na bar zancen nan. Ban ce mata wuta na lalata su ba, don ko a mafarki ban kawo wani zai tambaya ba. Ni a idona shaidar gini ne. Ita kuwa duwatsu uku ta gani, tsawo ɗaya, kai a shafe, ga shi an ce fasa su za a yi.

Aka zuba bangon ƙofar ruwa, wanda shi ne babban aikin duka. Na ɗauki na sati na tafi Damagaram, na bar na sati huɗu a ruwa. Ina can aka aiko wa Iya cewa ƙanenta ya rasu a sansani. Ba ta da halin zuwa, sai ta ce za ta yi masa sadaka a nan. Ta aro babbar tukunya a unguwa, ta ga curin lakarta ba zai ɗauka ba. Sai ta sa mata biyu suka ciro mata uku daga tonno. Aka yini ana dafuwa a kansu. Da aka sauke, tun suna da zafi, ta wanke su da toka da soso ta sa aka mayar cikin ruwa.

Da na dawo ita da kanta ta gaya mini, tana miƙo mini rabona na sadakar da ta ajiye.

"Afuno, dutsenka mai kyau. Tukunya ba ta motsa ba. Na wanke, na mayar. Duba, ba datti."

Na ajiye kwanon na je na ciro ɗaya. Gefe guda ya yi ja-ja kamar tulun da aka gasa, ga tsaga siriri-siriri kamar gashi. Na sa farce, ya ɓantare. Na ciro na biyu, na uku, duk haka. Ga alamar kwantarola a kai, da ranar da aka zuba bangon. Ba wasu a madadinsu.

Ban yi mata faɗa ba. Me zan ce? Na zauna na ci abincin, don sadakar mamaci ce, amma ban san ɗanɗanonsa ba.

Shef na fara gaya wa. Ya dafe kai, ya zagi iyayen da ba su san hawa ba, sannan ya rage murya ya ce in dama ruwan siminti in shafe musu gefen. Na ce ko na shafe, inji ba ido yake da shi ba, ƙarfi yake aunawa, kuma ni ban iya ba. Ya ce dama me na iya. Muna cikin haka kwantarola ya shigo zagayensa.

Matashi ne daga Yamai, mai ladabi, Baba yake ce mini. Ya tsuguna ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya shinshina ma.

"Baba, wuta ce wannan."

"Wuta ce, Injiniya."

"Wa ya yi?"

Na ce a hannuna suke, ni za a tambaya. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Mai gadi na tsaye, ya nuna bukkar da haɓa. Ita kuma tana zaune a ƙofa tana tsince gero, ta ɗaga masa hannu tana gaishe shi.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce waɗannan sun mutu, ba za su yi shaida ba. Sharaɗin kwangila shi ne in samfur ya lalace, a tsayar da aikin wannan ɓangare, a kawo injin da zai huda bangon ya ciro daga jikinsa a gwada. Injin yana Yamai. Sannan akwai wani sharaɗi da kowa ya san da shi aka kau da kai: ba wanda zai zauna cikin waya sai ma'aikaci. Ya ce ba zai sa hannu a ci gaba ba sai an cika duka biyun.

Na bi shi har mota.

"Injiniya, ni a kore ni. Tsohuwar ba ta sani ba. Ba ta da inda za ta."

"Baba, na san ba ta sani ba. Amma bayan bangon nan unguwa ce guda. In ruwa ya zo ya fasa, ni za a nema, kuma ni ma ba zan iya barci ba. Masu aikin za su aiko masu bincike su duba abin da na rubuta. In na rubuta wuta, za su ce wuta daga ina? In na ce daga murhun wata, za su ce me take yi a ciki?"

"To kada ka rubuta murhu."

"Sai in rubuta me?"

Ban ce ya yi ƙarya ba, har yau ban ce ba. Amma na tsaya ina kallonsa yana rubutawa a kan cinyarsa, da biro mai shuɗi, kuma bai ɗauke shi lokacin shan kofin shayi ba.

Shef ya ba ta zuwa Juma'a. Mai gadi ne ya fassara mata, ban san yadda ya juya maganar ba. Abin da na sani, da yamma na kawo gero na rataya a igiya kamar kullum, washegari na tarar da shi inda na bar shi. Na je ƙofar bukkar.

"Iya."

Na matsa kusa da tampol.

"Iya, ba ni na kai ƙararki ba."

Ta fito ta dube ni. Ba kuka take ba, ranta ne a ɓace.

"Ka ce a fasa. Kai ka ce. Abin fasawa, na ara, na wanke, na mayar. Ina sata?"

"Ba wanda ya ce sata."

"To don me?"

Na buɗe baki in yi mata bayanin inji da ƙarfi da shaida, na ga Hausar da muke da ita tsakaninmu ba za ta ɗauka ba. Ta isa faɗa a kan yaji, ba ta isa wannan ba. Na ce wuta na kashe dutsen. Ta ce dutsen da za a fasa, ina ruwansa da mutuwa. Ta koma ciki ta saki tampol.

Aiki ya tsaya. Leburorin nan aikin yini suke, ranar da ba a zuba ba ba su da komai. Da farko wasa ne, "Mai jego ya tafi yawo, jarirai sun ƙone." Da kwanaki suka ja injin bai iso ba, ruwan kogi kuma ya fara hawa, sai wasan ya ƙare. Na fi son lokacin da suke tsokanata. Yanzu in na wuce sai a yi shiru. Wasu na ganin sakacina ya hana su aiki, wasu na ganin Bahaushe ya sa an kori tsohuwarsu. Kowanne ka ɗauka, ni ne.

Juma'a ta zo ba ta tashi ba, shef kuma bai da fuskar ɗaga ta da ƙarfi, ya ƙara mata kwanaki. Ta daina dafuwa a waje. Ina zaune bakin tonno ina jin tarinta ta bayan tampol, taku kaɗan tsakaninmu, ba mai ce wa wani sannu.

Injin ya iso, aka huda bangon, aka ciro guntaye, aka naɗe aka ba ni. Kwantarola ya ce ko waɗanda suka ƙone sai na kai, don a ɗakin gwaji a shaida an gan su. Na goya su duka zuwa Damagaram.

A bayan ɗakin gwajin akwai juji. Na sha wuce shi ban kula ba. Tsibi ne na fasassun duwatsu daga shantiye-shantiye, a cikinsu har da lafiyayyu, rarar da ba a buƙaci fasawa ba aka jefar. Na tsaya ina kallo, raina ya yi baƙi. Abin da aka tayar da tsohuwa a kansa, ga shi nan kaji na hawa. Na tambayi mai kula da wurin ko zan ɗauki uku. Ya ce in kwashe duka in ina so, sun rasa yadda za su yi da su. Na roƙe shi ya rubuta mini 'yar shaida saboda shinge, ya rubuta yana dariya.

Na zaɓi uku masu tsawo ɗaya, ba tsaga ko ɗaya. A hanya wani soja da ya saba ganina ya ce, "Kai kullum can kake kai su, yau kuma dawowa suke?" Na ce na murhu ne. Ya kira abokinsa ya zo ya ji. Bayana ya yi ta sara tun daga Gure har Diffa, amma a tafiyar nan ban damu da ba mai zama kusa da ni ba. Ina ta shirya abin da zan ce. Na yanke ba zan ce komai ba. Zan jera su a ƙofarta in zauna, in ta ga dama ta zage ni.

Na shiga shantiye na tarar da ƙarƙashin aduwa a share. Ba tampol, ba kara, ba igiya. Sai baƙin toka a ƙasa da curin laka guda. Mai gadi ya ce jiya wata mota ta masu agaji ta ɗauke ta, yana jin sansanin Sayam aka yi da ita, ko kuma wajen wasu danginta a bakin hanya, bai tabbata ba. Na ce ta bar saƙo? Ya ce ta bar kwanona, wanda take zuba mini abinci a ciki. Ga shi can a kife bisa tonno, a wanke.

Sakamako ya fito, bangon lafiya lau. Kwantarola ya zagaya, ya ga cikin waya ba kowa, ya sa hannu. Aka ci gaba da zuba, aka gama kafin ruwa ya kai. Shekarar kogi ya cika sosai, ƙofar ta riƙe. Leburori suka koma kirana mai jego kamar ba a yi komai ba.

Duwatsun suka zauna a ɗakina har aka gama aiki. Ranar da aka sallame mu, maimakon in nufi tashar Damagaram, sai na hau motar kaya mai zuwa Sayam da buhuna. Ban san wurin haka yake ba. Bukkoki ne iyakar ganinka, a rairayi, kuma kowace ƙofa akwai tsohuwa mai tsaga a fuska irin ta Iya. Sai a nan na tuna ban san sunanta ba. Iya kawai. Na yi ta cewa tsohuwa daga wajen Geskeru, mai tari, mai faɗa, wadda ta zauna a shantiyen dig. A nuna mini can, in je, ba ita ba. Buhun ba ya ɗaukuwa da nisa, sai in ajiye in ja, in ajiye in ja.

Da la'asar mai motar ya fara hon. Wata mata da ke jin Hausa ta ce kamar ta san wata irin haka, a can ƙarshen sansanin, amma ta ji an ce ta je asibiti ko ta koma gari. Na ce in na bar mata saƙo za ta kai? Ta kwance buhun ta leƙa, ta shafa kan ɗaya da tafin hannu, na ga yadda idonta ya yi. Nata murhun ma gwangwanaye ne.

"In ce daga wa?"

"Ki ce daga Afuno. Ki ce waɗannan ba za a fasa su ba."

Ta ce to. Na hau mota. Muna fita na waiwaya, na ga ta kira wata suna jan buhun, amma ban gane ko wajen ƙarshen sansanin suka nufa ko ƙofarta ba.

Ban koma Damagaram ba. Wani ɗan kwangila ya ɗauke ni a nan Diffa, aikin dai shi ne, tonno da ruwa. Yanzu duk shantiyen da na je, ranar farko nake zagaya maƙwabta in gaya wa mata cewa duwatsun nan wuta na kashe su, in sa a fassara musu da kyau. Suna kallona kamar taɓaɓɓe. Abinci kuwa a bakin tasha nake saye, a zuba mini a kwanon nan, in koma rumfa in ci.